Likita ya ga ƙari a hantar karena, amma ya ƙi faɗin sunan cutar sai an yanko ɗan yankin hantar

Assalamu alaikum. Ni magidanci ne, ina da 'yar gonar kaji a bayan gari, kuma akwai wani kare da ya shekara goma yana yi mini gadi, tun yana ɗan kwikwiyo yake hannuna. Sau biyu yana korar ɓarayi cikin dare. Wata uku ke nan da ya fara ramewa, ya rage cin abinci, yana yawan shan ruwa, wani lokaci ya yi amai, cikinsa kuma ya ɗan tasa. Na kai shi wurin likitan dabbobi, aka ɗebi jininsa aka ce hantarsa ba ta da lafiya, aka yi masa maganin cutar kaska, bai ji sauƙi ba. Daga baya aka yi masa hoton ciki, likita ya ce ya ga ƙari a hanta. Ya soka allura ya zuƙo wani abu ya aika ɗakin gwaji, sakamakon ya dawo bai nuna komai takamaimai ba. Yanzu yana cewa sai an ɗauki hoton ƙirji, an kuma yanko ɗan yanki na hantar, domin yana zargin ciwon daji ne irin wanda ba a cika gani ba, amma ba zai iya cewa ga irinsa ba.

Na fara tunanin ko kuɗina kawai ake ci. Uwargida ta ce kare ne fa, ga kuɗin makarantar yara yana jira, kuma tana tsoron kada cutar ta kama yaran. Yayana ya ce in kai shi daji in sake shi, ko in ba shi guba in huta. Ɗana mai shekara 14, wanda shi ne yake ba shi abinci, ya daina walwala. Ni kaina ina jin kunyar mutane su ji ina kashe kuɗi a kan kare, amma zuciyata ta ƙi yarda in wulaƙanta shi. Me ya kamata in yi?

Wani mai karatu

Wa alaikumus salam, Malam. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kunyar da ka ce kana ji. Ka ajiye ta gefe guda. Dabbar da ta shekara goma tana kwana a waje cikin sanyi da damina domin kai da iyalinka ku yi barci har da minshari tana da haƙƙi a kanka ranar da ta kwanta ciwo. Malamanmu sun karantar da mu cewa an halatta riƙon kare don gadin gona da dabbobi da kuma farauta, kuma ba wanda bai san hadisin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai jin ƙishirwa ba. Sai dai tausayi kaɗai ba zai nuna maka inda ya kamata kuɗinka ya shiga ba, kuma a nan ne nake son in daɗe tare da kai.

Bari in fara da likitan, tunda zarginsa ne ya hana ka sakat. Daga abin da ka bayyana ban ga alamar ha'inci ba, hasali ma da ni ne a wurinsa matakan da zan bi ke nan. Gwajin jini yana auna wasu sinadarai da suke hawa idan ƙwayoyin hanta sun ji rauni ko kuma ruwan matsarmama ya kasa samun hanya, kuma idan ka duba takardar za ka gan su da haruffan ALT da ALP. Hawansu yana nuna cewa hanta tana cikin wahala, amma ba ya faɗin abin da ya wahalar da ita. Cutar babesiya da kaska ke kawowa, wadda ta yi yawa ƙwarai a karnukanmu, tana tayar da su, haka ma guba, da wasu magunguna, da gurɓataccen abinci. Shi ya sa fara maganin cutar kaska ba kuskure ba ne, domin likita yakan fara da abin da ya fi yawa kuma ya fi araha kafin ya nemi wanda ba a cika gani ba. A mutane akwai wani gwajin jini da ke taimakawa wajen gano ciwon dajin hanta, amma a karnuka ba a dogara da shi.

Shi kansa hoton cikin, iyakarsa ya nuna cewa akwai wani wuri a hanta da ya bambanta da sauran naman. Ƙari a hantar tsohon kare yana iya zama abubuwa da dama, kuma ba dukkansu ne ciwon daji ba. Tsofaffin karnuka da yawa suna da ƙananan ƙulle-ƙulle a hanta waɗanda tsufa ne kawai ya kawo su, ba sa yaɗuwa, kuma kare yakan mutu da su ba tare da sun taɓa damunsa ba. Akwai ƙari mara lahani da kan girma ya yi kama da mugun. Akwai kuma ciwon dajin da ya taso daga wani wuri, kamar saifa ko hanji, jini ya ɗauko shi ya sauke a hanta, kuma wannan ya fi wanda ya tsiro daga hantar kanta yawa, har ya ninka shi kusan sau biyu da rabi. Wanda ya faro daga hanta kuwa bai kai kashi 2 cikin 100 na dukkan ƙarin da ake samu a jikin karnuka ba. Saboda haka da likitanka ya ce ba a cika ganinsa ba, gaskiya ya faɗa, kuma da ya ƙi laƙaba masa suna daga hoto kawai, wannan alamar mutum ne mai tsoron faɗin abin da bai tabbatar ba.

Shi ma wannan ɗan kason ya kasu gida huɗu, gwargwadon irin ƙwayar da cutar ta faro daga gare ta, kuma sanin haka zai taimake ka ka gane abin da za a rubuta maka a takarda. Mafi yawa, rabi ko fiye, shi ne wanda ke tasowa daga ainihin ƙwayoyin hanta, wanda likitoci ke kira hefatoselula kasinoma. Na biyu yana tasowa ne daga ƙananan magudanan da ke kwashe ruwan ɗaci zuwa matsarmama, ana ce masa kolanjiyokasinoma, kuma ya fi na farko mugunta nesa ba kusa ba, domin yana saurin kaiwa ga kaluluwa da huhu, kuma ko an yi tiyata yawancin karnukan ba sa wuce wata shida. Na uku, kasinoyid, ba a cika samunsa ba, yakan kama karnukan da ba su kai sauran tsufa ba, kuma yawanci kafin a gano shi ya riga ya bi hantar gaba ɗaya. Na huɗu su ne waɗanda ke tasowa daga jijiyoyin jini ko naman da ke riƙe da gaɓar, kamar hemanjiyosakoma, wanda aka fi gani a karnukan Jamus da muke kira Alseshan, kuma haɗarinsa shi ne yana iya fashewa jini ya cika ciki cikin ɗan lokaci. A hoton ciki duk waɗannan suna iya yin kama da juna.

To, ga tambayar da nake so ka fara yi wa likitanka kafin ka sake ciro ko naira ɗaya: ƙarin nan dunƙule ɗaya ne a reshe ɗaya na hanta, ko guda-guda ne a rassa da yawa, ko kuwa ya game hantar duka? Hantar kare tana da rassa shida waɗanda suka haɗu a gindi ɗaya, kuma Allah ya yi ta da ikon sake tofowa, ta yadda za a iya cire reshe guda, har ma fiye, sauran su ci gaba da aiki. Idan dunƙule ɗaya ne, ko da ya kai girman lemo ko ya fi, ana iya cire shi tare da reshensa. Abin mamakin da masu dabbobi ba sa tsammani shi ne, babban ƙari guda ɗaya ya fi ƙananan da suka watsu kyakkyawan fata. Mafi yawan masu dunƙule ɗaya nau'in farko ne, wanda ba ya saurin yaɗuwa, kuma kusan biyu cikin uku suna fitowa ne a rassan hagu, inda tiyata ta fi sauƙi. Na ɓangaren dama sun fi haɗari saboda suna manne da babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya, kuma kuskure kaɗan a wurin yana jawo zubar jini mai yawa. Wasiƙarka ba ta faɗi wanne ne naka ba, mai yiwuwa likitan ya faɗa hankalinka bai kai ba saboda tashin hankali, amma amsar tana cikin hoton da ka riga ka biya kuɗinsa.

Game da allurar da aka soka aka dawo hannu rabbana, na san ta ba ka haushi, sai dai haka yakan faru sau da yawa, kuma ba lalle ne laifin wanda ya soka ba. Siririyar allura tana zuƙo 'yan ƙwayoyi ne a warwatse, a shafa su a gilashi a duba da madubin likita. Idan cutar limfoma ce, wato ciwon dajin fararen ƙwayoyin jini da kan sauka a hanta, ko wani ciwon daji ne da ya zo daga wata gaɓa, ƙwayoyin baƙi ne a wurin, yawanci ana gane su cikin sauƙi. Amma ƙwayoyin ciwon dajin da ya faro daga hanta sukan yi kama da lafiyayyun 'yan'uwansu har mai dubawa ya kasa bambancewa, domin bambancin yana cikin yadda suka jeru ne da yadda suke cin naman da ke kewaye da su. Kamar a ba mutum tsabar gero goma ne a ce ya faɗi yadda aka jera dammuna a rumbu. Wani lokaci ma jini kawai allurar ke cika da shi. Duk da haka kuɗin bai tafi a banza ba, domin rashin ganin ƙwayoyin limfoma shi ma ya rage yawan abin da ake zargi.

Hoton ƙirjin da ya nema, ka yarda a yi, kuma a yi shi kafin a yi maganar wuƙa. Ana ɗaukarsa ta fuska uku, kwance ta dama, kwance ta hagu, da kuma rigingine, domin ƙullin da ya ɓuya a fuska ɗaya yakan bayyana a wata. Manufarsa a ga ko cutar ta riga ta kai huhu, domin idan ta kai, babu tiyatar da za ta warkar da shi, kuma ka tsira da kuɗin da za ka kashe a kan aikin da ba zai amfane shi ba. Hoton da ya fito fes ba ya ba da cikakken tabbaci, saboda ƙulli ƙanana sosai ba sa fitowa sai a na'urar siti-sikan mai ɗaukar hoton cikin jiki yanki-yanki, wadda samunta don dabbobi yake da wuya da tsada, amma yana ƙara ƙarfin gwiwa. Idan akwai ruwa a cikin nasa, kamar yadda tasowar cikin ke nunawa, ka nemi a zuƙi kaɗan a duba ko jini ne ko farin ruwa, wannan gwaji ne mai araha da ke faɗin abubuwa da yawa. Sai kuma gwajin daskarewar jini, wanda bai kamata a tsallake ba ko kaɗan. Hanta ce ke sarrafa yawancin sinadaran da ke tsayar da jini, kuma akwai wata cutar kaska, elikiya, da ke rage ƙwayoyin da ke toshe rauni, don haka karen da ke da ciwon hanta a ƙasarmu yana iya zubar da jini ya ƙi tsayawa daga ɗan yanka kaɗan. A duba ƙodarsa da zuciyarsa su ma, tunda shekara goma tsufa ne ga kare, kuma allurar barci tana buƙatar jiki mai ɗan ƙarfi.

Yanzu maganar yankan. Ana iya samun ɗan yankin hanta ta hanya uku: da allura mai kauri wadda na'urar hoto ke yi wa jagora, ko da kyamara ta ƙananan huda a ciki, ko kuma a buɗe cikin gaba ɗaya. Ta farko ta fi sauƙi da araha, amma abin da take cirowa siriri ne kamar zare, kuma sau da yawa amsarta takan saɓa da abin da babban yanki zai nuna. Shawarata a nan ta dogara ne da amsar waccan tambayar ta farko. Idan dunƙule ɗaya ne, huhu fes, jini yana daskarewa yadda ya kamata, to ban ga hikimar a kwantar da shi sau biyu ba, sau ɗaya don gwaji sau ɗaya don cirewa. Ko mai lahani ne ko mara lahani, babban ƙari guda ɗaya cire shi za a yi, domin yana danne tumbi ya hana cin abinci, kuma yana iya fashewa. A buɗe sau ɗaya, a cire reshen duka, a aika shi ɗakin gwaji, ka ga an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, gwaji da magani a kuɗin aiki guda.

Ka tabbata abin da aka ciro bai ƙare a kwandon shara ba, domin wannan kuskure ne da ake yi, a yi aiki mai kyau a jefar da amsar. Ana saka naman ne a ruwan fomalin mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, ruwan ya ninka naman sau goma, ba a sa shi a firiza, ba a kuma jiƙa shi da sifirit. Ƙwararren mai nazarin nama zai yanka shi siriri ya rina, ya duba irin ƙwayoyin da kuma gefen yankan, ya ga ko an cire cutar duka ko an bar saura. Idan kamannin sun rikita shi, musamman tsakanin dajin magudanan ruwan ɗaci da kasinoyid waɗanda sukan yi kama, akwai rini na musamman da ke kama kowane iri: HepPar-1 yana nuna ƙwayoyin hanta, saitokeratin 7 yana nuna na magudanai, kuromoguranin A kuma yana nuna kasinoyid. Ba kowane ɗakin gwaji ne ke da su ba, amma naman da ɗakin gwaji ya adana a cikin kaki irin na kyandir ba ya saurin lalacewa, ana iya aika shi wani gari daga baya.

Domin ka san abin da kake saye da kuɗinka, akwai wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2004 a kan karnuka 48 masu dunƙule ɗaya na nau'in farko, wato hefatoselula kasinoma. Waɗanda aka cire wa reshen, su 42, fiye da rabinsu sun wuce kwana 1,460 a raye, wato shekara huɗu, yayin da shidan da ba a yi wa aiki ba kusan rabinsu ba su wuce kwana 270 a raye ba. Ka karɓi waɗannan alƙaluma da hankali, domin shida adadi ne kaɗan, kuma an yi aikin ne a asibitoci masu kayan aiki da jinin ƙari a ajiye. Ko a can ma akwai waɗanda suka mutu a kan teburin tiyata. Amma sun isa su nuna maka cewa idan karenka ya faɗo cikin wannan rukuni, tiyata tana iya ba shi sauran kwanakin tsufansa cikin ƙoshin lafiya.

Idan kuwa likita ya ce ƙullin suna ko'ina, ko hoton ƙirji ya nuna sun kai huhu, to lissafin ya canza. A nan sai ka tambaye shi kai tsaye: idan an yanko aka sami suna, me za mu yi wanda ba za mu yi ba in ba mu sani ba? Akwai amsoshi masu kyau ga wannan tambaya. Yana iya cewa har yanzu yana zargin limfoma, wadda take jin magani, ko kuma yana zargin ba ciwon daji ba ne sam, tsohon kumburin hanta ne da ya bar tabo da ƙulle-ƙulle, wanda shi ma ana iya lallaɓa shi da magani da abinci. Idan haka ne, gwajin ya cancanci kuɗinsa. Amma idan amsarsa ita ce don dai a sani, alhali dajin hanta da ya watsu ba ya jin allurar kashe ciwon daji yadda ake so, kuma ba ya ciruwa, to kana da cikakken haƙƙin ka ce a bar shi haka, a koma ga rage masa wahala. Likita nagari ba zai ji haushin wannan tambaya ba.

Cire reshen hanta ba aikin kowane ƙaramin asibiti ba ne, kuma babu laifi ka tambayi likitanka ko ya taɓa yi, ko yana da karen da zai ba da jini idan buƙata ta taso. Idan bai saba ba, ka roƙe shi ya rubuta maka takardar turawa zuwa asibitin koyarwa na dabbobi mafi kusa da kai, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ko na Jami'ar Maiduguri, inda likitocin tiyata da masu nazarin nama suke a wuri ɗaya. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom kusa da Jos ita ma tana da ɗakunan gwaji. Ka tafi da dukkan takardun da hotunan, kada a sa ka maimaita abin da ka riga ka biya, kuma ka nemi a rubuta maka ƙiyasin kuɗin aikin tun daga allurar barci har zuwa jinyar bayan tiyata.

Uwargida kuma, Malam, tana da gaskiya a rabin maganarta, kuma ka faɗa mata haka da bakinka. Kuɗin makarantar yara yana gaba da jinyar kare, babu mai hankalin da zai ce ka ci bashi ko ka taɓa jarin kaji saboda wannan. Ku zauna ku biyu kafin ka koma asibiti, ku yanke adadin da gidan zai iya ɗauka ba tare da an tauye kowa ba, ka kuma riƙe alkawarin. Mace takan fi sauƙin yarda da kashe kuɗin da aka shawarce ta a kai fiye da wanda take jin labarinsa bayan an kashe. Tsoronta game da yara kuwa, ka kwantar mata da hankali: ciwon dajin hanta ba ya tashi daga kare ya kama mutum, ko ta yawu ko ta taɓawa. Wanda ke kama mutane a ƙasashenmu yawanci ƙwayar cutar hanta nau'in B ce ke haddasa shi, kuma kare ba ya ɗauke da ita. Abin da ya cancanci taka-tsantsan shi ne wata cuta daban, leftosifira, wadda ɓeraye ke yaɗawa ta fitsari, tana lalata hanta da ƙodar kare, tana kuma kama mutum. Tunda gonar kaji ba ta rabuwa da ɓera, a riƙa wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi, kada kuma a share fitsarinsa ko amansa da hannu tsirara.

Gonar kajin ta tuna mini da wani abu da ya kamata ka gaya wa likita ko bai tambaya ba, wato abin da karen yake ci. Masara da gyaɗa da ƙuliƙulin da suka yi funfuna suna ɗauke da gubar afalatoksin, kuma kare yana cikin dabbobin da ta fi yi wa illa. Idan ana dafa masa ragowar dusa ko masarar da aka ga ba ta dace da kaji ba, hantarsa tana iya lalacewa sannu a hankali ta yi ƙulle-ƙullen da za su rikita mai duba hoto. Ka duba buhunan da ke ɗakin ajiyarka, domin abin da ya taɓa karen zai taɓa kajin.

Shawarar yayanka kuwa, ka ba shi girmansa, amma kada ka bi ta. Guba tana kashewa ne da azaba mai tsawo, ga haɗarin yaro ko kaza ko karen maƙwabta su kai ga abin da aka barbaɗa wa, ga ungulu da za su ci gawar. Sakin tsohon kare mara lafiya a daji kuwa hukuncin yunwa da ƙishirwa ne, kuma sau da yawa irin waɗannan karnuka sukan kamo hanya su dawo ƙofar gidan da aka kore su. Idan ranar ta zo da ya daina ci gaba ɗaya, ya kasa tashi, magani ya daina rage masa zafi, likitan dabbobi yana da allurar da ke sa dabba barci mai nauyi zuciyarta ta tsaya ba tare da ta ji komai ba. Idan zuciyarka tana ɗar-ɗar da hukuncin hakan, ka tuntuɓi malamin da ka amince da iliminsa tun yanzu, kada ka bari sai ranar ta riske ka.

Yaron nan kada a yi masa ƙarya. Mai shekara 14 ya isa a gaya masa cewa karen yana da ciwo mai tsanani, ana bincike, kuma ana iya samun sauƙi ana iya rasa shi. Idan aka ɓoye masa, ya wayi gari ya ga babu karen, abin da zai riƙe a ransa shi ne an yaudare shi. Ka ba shi aiki: ya riƙa rubuta abin da karen ya ci kowace rana, da sau nawa ya yi amai, da launin fitsarinsa, ya kuma riƙa ɗaga leɓensa yana duba dasashi. Wannan rubutu zai amfani likita ƙwarai, shi kuma yaron zai ji yana da abin yi maimakon zaman jugum.

Kafin a kai ga yanke hukunci, a sauke masa aikin gadi, a kwantar da shi a inuwa, ruwa mai tsabta yana kusa da shi kullum. A riƙa ba shi abinci kaɗan-kaɗan sau uku ko huɗu a yini, mai laushi mara mai da yawa, kamar shinkafa da dafaffen ƙwai ko naman kaza, domin wasu daga cikin waɗannan ƙari suna sa sukarin jini ya faɗi idan dabba ta daɗe ba ta ci ba. Kada a ba shi farasitamol ko ibufurofen ko diklofenak na mutane, kada kuma a ɗura masa jiƙo ko sassaƙe, domin duk abin da ya shiga cikinsa hantar nan mara lafiya ce za ta sarrafa shi. Idan kuka ga dasashinsa ya yi fari fat, cikinsa ya kumbura farat ɗaya, ya faɗi ya kasa tashi, to jini ne ke zuba a ciki, a garzaya da shi asibiti ko da tsakar dare ne. Haka ma idan idanunsa suka yi ɗorawa irin ta shawara, ko ya fara zagaye yana dafa kansa a bango, ko ya yi farfaɗiya.

A wannan makon ka kira likitan ka sa ranar hoton ƙirji da gwajin daskarewar jini, ka tambaye shi awa nawa yake so a hana karen abinci kafin ku zo. Ka tafi da yaron da littafin da yake rubutu a ciki, ku sa likita ya buɗe muku hoton cikin ya nuna muku da yatsa reshen da ƙarin yake, hagu ne ko dama, ɗaya ne ko da yawa. Idan ka samo wannan amsa, ka sake rubuto mini mu duba mataki na gaba tare. Allah ya ba shi sauƙi, ya kuma rufa maka asiri.